Tambaya: ta yaya gidauniyar Yahudawa ke rabon kuɗi duk shekara amma asusun bai ƙarewa?

Maman Hanifa (Ohio):

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma za ta ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Ni ce ma'ajin wata 'yar ƙungiyar mata a nan Ohio. Yawancinmu 'yan Najeriya da Nijar ne, sai 'yan'uwanmu na Zangon Kumasi da na Nima. Ranar Asabar muna raba shinkafa da mai da madara da kunzugun jarirai ga sababbin zuwa da ba su kama aiki ba tukuna, da matan da mazansu ke kwance ba lafiya. Kuɗin daga aljihunmu yake fitowa, kowace mace dala 20 a wata, sai ɗan abin da ake tarawa a masallaci da azumi.

Bara wata abokiyar aikina a asibiti, Bayahudiya ce, ta gan ni ina loda kwalaye a bayan mota bayan mun tashi daga aikin dare. Da na yi mata bayani sai ta ce gidauniyar al'ummarsu ta nan garin tana ba ƙananan ƙungiyoyin unguwa tallafi, ba lallai sai na Yahudawa ba. Muka cike takardu, mutum biyu suka zo suka duba garejin da muke ajiya, suka tambayi wa ke riƙe da makulli, wa ke sa hannu a banki. Daga baya suka amince za su ba mu kuɗin firji biyu da kantocin jera kaya.

An gayyace mu wani ɗan taro na waɗanda suka samu tallafi. A kan kowace kujera an ajiye littafin rahoton shekara. Na buɗe tsakiyarsa na tarar da shafi bayan shafi na sunaye da ƙananan haruffa: asusun wane da matarsa, asusun wance, kowanne da abin da aka ware shi dominsa. Wannan na biyan kuɗin makarantar yara, wancan na kai wa tsofaffi abinci gida, wani na sayen magani kawai. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, da sandarta jingine a gwiwa, ta ɗora yatsa a kan wani layi ta ce iyayenta ne. Ta ce babanta ɗan tireda ne, ya rasu tun tana da ƙuruciyarta, kuma daga asusunsu aka cire wani ɓangare na kuɗin firjinmu. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Mutum ya daɗe a ƙasa, bai taɓa jin sunan Hausa ba, amma madarar yaranmu za ta yi sanyi da kuɗinsa.

Mu kuwa idan aka yi rasuwa, sai waya ta ɗau zafi a WhatsApp, a yi ta roƙo har a haɗa kuɗin kabari ko na kai gawa gida. Ana gamawa asusu ya koma fayau, sai kuma wata rasuwar. Ba ƙyashin bayarwa muke yi ba, Allah ya sani matanmu suna bayarwa fiye da ƙarfinsu. Amma ba abin da ke kwana.

To masana, yaya suke yi kuɗin bai ƙarewa? Ya halatta mu karɓa? Domin wasu daga cikin matanmu sun nuna rashin natsuwa, shi ya sa har yanzu ban sa hannu a takardar ƙarshe ba. Sannan mu da ba mu da attajirai, za mu iya kafa irin wannan?

Abu Safwan (New Jersey):

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka muku da alheri. Aikina lissafin haraji ne, kuma ina yi wa wasu ƙungiyoyin agaji littattafansu, don haka bari in ɗauki ta farko. Ta biyun ta malamai ce.

Ba a taɓa uwar kuɗi, nan gizo ke saƙa. Mutum ya ba da dala 100,000, a misali, da sharaɗin kada a kashe ta. Gidauniya ta haɗa ta da na sauran jama'a a babban asusu guda, ta zuba a hannun jari da takardun lamuni da makamantansu. Kowace shekara sai a fitar da kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a raba, wato wajen dala 5,000. Gidauniya ta ɗauki ladan kula, galibi kashi 1 ko ƙasa da haka. Ribar da ta rage a mayar da ita cikin uwar kuɗin don hauhawar farashi kada ta cinye ta. Kuma ba a lissafa kashi 5 ɗin a kan darajar asusun ta yau kaɗai, ana ɗaukar matsakaicin shekaru uku ko fiye, saboda idan kasuwa ta faɗi a shekara guda kada tsofaffin da ake kai wa abinci su ji a jikinsu nan take.

Su Yahudawan Amurka hannu biyu suke aiki da shi. Akwai tarayyar ƙungiyoyinsu ta kowane gari, wadda ke neman gudummawa duk shekara ta kashe a shekarar. An fara irin wannan a Boston a 1895, Cincinnati ta jiharku ta bi sahu a 1896. Sai kuma gidauniya, wadda aikinta ajiya ce ta dogon zango. Ita wannan dabarar ta gidauniyar gari ba su suka ƙirƙiro ta ba. Wani lauya kuma ma'aikacin banki, Frederick Goff, shi ya kafa ta farko a Cleveland a 1914. Abin da ya dame shi shi ne yadda mamaci kan bar dukiya da sharaɗin da zamani ya riga ya wuce, kuɗi su yi ta zama ba amfani. Sai ya sa aka ba kwamitin amintattu ikon karkatar da kuɗin zuwa abu mafi kusa da niyyar mai shi idan asalin bukatar ta gushe. Yahudawa suka ɗauki tsarin suka riƙe shi gam. Tasu ta Los Angeles an kafa ta a 1954, yanzu tana kula da dukiyar da ta haura dala biliyan ɗaya.

Sunayen da kika gani a littafin ba iri ɗaya ba ne. Wani ya bar kuɗi ya ce kwamiti ya yi abin da ya ga ya dace, kuma daga irin wannan ake yawan ba ƙungiyoyi kamar taku. Wani ya ƙayyade, ya ce magani kawai ko makaranta kaza kawai. Akwai kuma wanda ake kira DAF a taƙaice, asusun da mai shi yana raye: ya zuba kuɗin yau, ya samu rangwamen haraji a wannan shekarar, kuɗin ya zama mallakar gidauniya a doka, shi kuma ya riƙa ba da shawarar inda za a kai sannu a hankali. Jewish Communal Fund ta New York, wadda aka kafa a 1972, wannan ne aikinta. Haraji na taka rawa sosai a nan. Wanda ya sayi hannun jari da arha tuntuni suka yi tsada, idan ya sayar zai biya harajin riba, idan kuwa ya miƙa su kai tsaye ga gidauniya ba zai biya ba. Shi ya sa watan Disamba ofisoshinsu ba sa hutawa.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke maganar wasiyya ba kunya ba tsoro. A 2012 gidauniyar Harold Grinspoon ta Massachusetts ta fara wani shiri mai suna Life & Legacy, ta kwaikwayi abin da Yahudawan San Diego suka riga suka gwada. Ana horar da 'yan sa-kai na majami'u da makarantu su zauna da mutum a falonsa su tambaye shi: in ka rasu, za ka bar wa makarantar nan wani abu? In ya yarda ya sa hannu a takardar alkawari, daga baya lauya ya shigar cikin wasiyya. Ba a tambayarsa ko sisi yau. Alkawuran da aka tara ta wannan hanya sun haura dala biliyan ɗaya, kuma da yawa daga malaman makaranta ne da ma'aikata masu albashi irin namu. Matansu ma suna da nasu: tun 1972 aka fara a Miami, mace ta yi alkawarin dala 5,000 duk shekara, in tana so gudummawar ta ci gaba bayan ranta sai ta ajiye dala 100,000. Ki lissafa kashi 5 na wannan, za ki ga adadin ya fito daidai. Wasu da inshorar rai suke cika shi.

Tun yara ake sabar musu. A gidaje da yawa akwai ɗan akwatin sadaka da ake jefa tsaba kafin shigar Asabar, kuma akwai garuruwan da yaro ɗan shekara 13 ke buɗe ƙaramin asusu da kuɗin da aka ba shi na bikin balaga, ya riƙa zaɓar inda za a kai ribar. Masu riƙo da addini a cikinsu ushirin abin da suka samu suke fitarwa.

Baban Zango (Bronx):

Hajiya, ni dai zan faɗi abin da ke cikin ran matan naku, tunda ba wanda ya faɗa. Maganar Falasɗinu ce. Waɗannan ƙungiyoyi suna aika kuɗi Isra'ila, ba ɓoyayyen abu ba ne, su da kansu suke bugawa. Bayan 7 ga Oktoban 2023 sun tara ɗaruruwan miliyoyin daloli domin can. Mu kuma muna ganin abin da ya samu Gaza. Yau su ba ku firji, gobe su sa hotonku da lulluɓi a littafin nan da kika yaba. In an kira gangami a gari, bakinku zai iya buɗuwa? Ba na zargin tsohuwar nan, Allah ya sani ƙila zuciyarta fara ce tas. Amma a duba da kyau kafin a miƙa hannu. Ni na girme ku, na ga yadda kyauta ke ɗaure harshe.

Malam na Tudun Wada (Zariya):

Bismillah. Baba ya yi magana, kuma damuwarsa abin saurare ce. Zan faɗi abin da na sani, Allah shi ne mafi sani.

Karɓar kyauta daga wanda ba Musulmi ba asalinsa halal ne, muddin babu sharaɗin da ya saɓa wa addini ko ya ƙasƙantar da mai karɓa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi kyautar Muƙauƙis na Masar. Sannan malaman sira sun kawo labarin Mukhairiƙ, malami ne mai dukiya daga Yahudawan Madina, ya fita ranar Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira, ya ce idan an kashe shi dukiyarsa ta Muhammadu ce, ya yi yadda ya so da ita. Aka kashe shi a wurin. Gonakin dabinonsa guda bakwai Annabi ya mayar da su sadaka mai gudana, kuma malamai da dama suna ƙirga su a matsayin waƙafin farko a Musulunci.

Don haka 'yar'uwa, abin da Abu Safwan ya zayyana ba baƙo ba ne a wurinmu. Lokacin da Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibara ya nemi shawarar Annabi, Annabi ya ce masa ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. Mu nan Arewa ma jihohi irin su Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi. Inda muka yi rauni shi ne mun taƙaita waƙafi ga gina masallaci. Kowa na son sunansa a bango, ba mai barin abin biyan ladan ko gyaran rufi in ya fara yoyo.

Abu biyu ku kiyaye in za ku kafa naku. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji, saura kashi biyu haƙƙin magada ne. Na biyu, kada a juya kuɗin ta hanyar riba ko kamfanonin giya da caca. Kuma kada ku zuba zakka a ciki, ita tana da masu ita, a ba su a hannu.

Game da abin da Baba ya ce, ki karanta takardar kalma bayan kalma. In akwai sharaɗin yin shiru a kan zalunci, ku bar musu kayansu cikin mutunci. In babu, yunwar maƙwabci ba ta jira.

Abu Safwan (New Jersey):

Baba, gaskiya ka faɗa, suna aikawa, kuma ba zan rufe wannan ba. Har akwai waɗanda ke da ƙa'ida a rubuce: tarayyarsu ta San Francisco ta fitar da sharuɗɗa a 2010 cewa ba za ta tallafa wa ƙungiyar da ke goyon bayan ƙaurace wa Isra'ila ba. Wasu garuruwan ba su da irin wannan a tallafin abinci da lafiya. Saboda haka shawarar Malam ita ce hanya, a karanta takarda. Hajiya, ki nemi a nuna miki manufar bayar da tallafinsu gaba ɗaya, ba yarjejeniyarku kaɗai ba. Maganar hoto kuma kuna da ikon cewa a'a, a rubuta. Yawancin ƙungiyoyin agaji a ƙasar nan suna miƙa wa hukumar haraji fom 990 duk shekara, ana samunsa kyauta a intanet, a ciki za ki ga manyan wuraren da kuɗinsu ya tafi da albashin shugabanninsu.

Sai dai ina roƙon kada mu yi musu kuɗin goro. Su kansu suna jayayya mai zafi a tsakaninsu a kan wannan batu. Kuma akwai matalauta birjik a cikinsu, a Brooklyn kusa da kai akwai tsofaffin da layin abincin agaji ke riƙe da su. Ka tuna da Oktoban 2018, da aka kashe mutum 11 a wurin ibadar Yahudawa na Tree of Life da ke Pittsburgh, Musulmin Amurka sun tara sama da dala 200,000 domin iyalan. Da aka kashe masallata 51 a Christchurch ta ƙasar New Zealand a Maris na 2019, tarayyar Yahudawan Pittsburgh ta buɗe asusu ta aika da ɗaruruwan dubban daloli.

Kada kuma a ɗauka tsarin nasu bai taɓa yin tuntuɓe ba. A Disamban 2008 aka kama Bernard Madoff, ɗan cikinsu mai juya wa mutane kuɗi a hannun jari da suka amince wa, ashe kuɗin wannan yake ɗauka ya biya wancan. Ƙungiyoyin agajinsu da yawa sun tafka asara, gidauniyar marubuci Elie Wiesel kaɗai ta rasa kimanin dala miliyan 15, kusan duk abin da ta mallaka. An yanke masa shekara 150. Abin da ya cinye su shi ne "ai namu ne, ba sai an bincika ba", kuma wannan ciwon mun san shi sarai.

Akwai ma wanda bai yarda da ajiyar har abada ba sam. Julius Rosenwald, Bayahude shugaban kamfanin kasuwanci na Sears, ya haɗa kai da Booker T. Washington, jagoran ilimin baƙar fata, aka gina makarantu kusan 5,000 domin 'ya'yan baƙar fata a kudancin Amurka. Ya ce a kashe dukiyar gidauniyarsa ƙarƙaf cikin shekara 25 bayan mutuwarsa, domin kowane zamani ya ɗauki nauyin kansa. Ya rasu a 1932, aka rufe asusun a 1948. Ni ina ganin ga al'umma irin tamu da ba ta da komai a ajiye, ajiyar ta fi, amma maganarsa tana da nauyi: kada a hana mai jin yunwa yau saboda wanda ba a haifa ba.

Maman Hanifa (Ohio):

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Baba, na karanta wa matanmu saƙonka kamar yadda ka rubuta, ban rage komai ba, kuma da yawa sun ce abin da ke ransu ke nan. Mun nemi manufar tallafin, an aiko mana ba gardama. 'Yar ɗaya daga cikinmu da ke karatun lauya ta bi ta layi-layi. Sharuɗɗan su ne mu kashe kuɗin a kan abin da muka ce, mu ajiye rasit, mu ba da rahoto bayan shekara, kuma kada mu hana kowa abinci saboda addininsa ko launinsa, wanda dama ba ma yi. Babu maganar siyasa a ciki. Mun ce ba ma son hoto, sun yarda a rubuce. Aka kaɗa ƙuri'a, mafi yawa suka amince, biyu suka ƙi, kuma ban ga laifinsu ba.

Abin da ya fi cin lokacinmu a zaman shi ne namu asusun. Mun yanke cewa daga cikin dala 20 ta wata, dala 5 za ta tafi wani asusu daban da ba za a taɓa ba ko an yi rasuwa. A nan aka yi ta muhawara, wata ta ce yaya za a ga gawa a ƙasa a ce akwai kuɗin da ba a taɓawa? Na ce karo-karon rasuwa yana nan yadda yake, wannan daban ne, na jikokinmu ne da za a haifa a ƙasar nan. Babbar yayarmu, wadda ta fi kowa shekaru, ta ce ita za ta fara rubuta wani abu daga sulusinta, kuma za ta gaya wa 'ya'yanta da bakinta tun tana raye don kada a yi rigima.

Abu Safwan, a ina za mu ajiye kuɗin kafin ya taru? Kuma dole ne sai mun kafa gidauniya tamu ta kanmu?

Abu Safwan (New Jersey):

Ba dole ba ne Hajiya, kuma ban ba ku shawarar haka yanzu ba, kuɗin lauya da na mai binciken lissafi zai cinye ku. Ku fara tabbatar da rajistarku ta ƙungiyar agaji da hukumar haraji tana nan daram. Ku buɗe asusu na biyu da sa hannun mutum uku waɗanda ba dangin juna ba, ku rubuta ƙa'idar a takarda ɗaya: nawa ake fitarwa a shekara, wa ke yanke shawara, ina kuɗin zai koma in ƙungiya ta watse. In ya kai dala dubu biyar zuwa goma, sai ku duba gidauniyar gari ta kusa da ku, ko American Muslim Community Foundation da aka kafa a 2016 domin irin wannan aikin. Ku tambaye su a fili ko za su iya zuba muku a jarin da babu riba, irin asusun Amana da ke aiki tun 1986, kuma nawa ne ladansu a shekara. Ki turo mini daftarin ƙa'idar ta akwatin saƙo in duba muku kafin zamanku na gaba.